Yadda zaka zaɓi hanyar da yatsan roba zai kama dungun yatsanka

Farko dai kar kayi gaggawar zuwa awo, ka bari ciwon ya warke kumburi ya saɓe tukunna, in ba haka ba dungun zai ƙara motsewa daga baya yatsan ya dinga sulluɓewa.

Sai ka duba tsawon abinda ya rage. In dungun yana da ɗan tsawo, kamar santimita 1.5 ko sama, yatsan silikon (wata irin roba mai laushi) shi ne mafi sauƙi, ana yinsa ya ɗan matse kaɗan, kana turawa iskar ciki ta fita sai ya kama da kansa, kuma ana daidaita launinsa da fatarka har da farce. Amma fa in kaji yana zafi ko fatar ta canza launi cire shi, ya matse da yawa kenan.

In dungun gajere ne sai a haɗa da zobe, wani lokacin zobe biyu a manne, ɗaya a yatsan da ke kusa. Akwai gam na musamman na fata, ni dai ban cika son shi ba saboda zufa tana sakinsa.

Mai aikin hannu ya tambayi likita kan irin mai ƙarfe da ke lanƙwasawa in ka motsa dungun. Akwai kuma dasa ƙarfen taitaniyam cikin ƙashin dungun a ɗaura yatsan a kai, riƙonsa yafi kowanne amma sai anyi tiyata kuma wajen yana son tsafta kullum.

Ko wanne ka samu, cire shi da dare, ka wanke da sabulu, ka bari fatar ta bushe kafin ka mayar.