Cinikin biri a sama: yadda mai ƙaramar sana'a a Kaduna zai sa a yarda da shi a waya

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. To amma duk mai sayar da kaya a WhatsApp ko Instagram ko TikTok abin da yake roƙon jama'a su yi ke nan: su tura kuɗi a kan kayan da ba su taɓa ba, ga mutumin da ba su taɓa haɗa ido da shi ba. A Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi mai saye zai murza yadi tsakanin yatsunsa, ya fito da shi rana ya duba, in kuma an cuce shi ya san rumfar da zai koma gobe. A waya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikinka shi ne ka sauko masa da birin ƙasa, yadda abin da ya gani a hoto shi ne zai iso ƙofar gidansa, babu ragi babu ƙari.

Hoto shi ne rumfarka

Yawancin rigimar cinikin waya daga hoto take farowa, musamman a kan launi. Ka ɗauki hoton kaya da hantsi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, a inuwa kusa da ƙofa ko taga. Hasken kwan lantarki yana mayar da fari ruwan ƙwai, fitilar waya kuma tana sa shadda ta yi walƙiyar da ba tata ba. Kafin ka ɗauka, goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu da maiƙon hannu kaɗai sun isa su dusashe hoto. Ga gwaji mai sauƙi: ajiye farar takarda a gefen kayan. In takardar ta fito fara sol a hoton, galibi launin kayan ma daidai yake. In ta yi jaja-jaja ko shuɗi-shuɗi, canja wuri ka sake ɗauka. Ruwan toka, ruwan ƙasa da ja mai duhu su suka fi yaudarar kyamara, don haka a kansu ka ƙara da rubuta sunan launin a ƙarƙashin hoton.

Kada ka sa wa hoton kaya filta ko kaɗan. Filta na iya kawo maka oda goma a yau, amma kayan da za su isa hannun mutum goman nan ba su da filta. Haka kuma WhatsApp yana matse hoto in an tura shi kai tsaye, zanen leshi da saƙar yadi su dagule. In kwastoma ta nemi ganin zane sosai, tura mata ta zaɓin HD, ko ka tura shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document.

Girma ma abin faɗi ne, ba a barin ido ya yi hasashe. Kwalbar turaren wuta ko humra in an ɗauke ta ita kaɗai kusa da kyamara sai ta yi kamar tulu. Ke mai turare, riƙe ta a tafin hannu, ko ki ajiye kwalin ashana a gefenta. Mai kilishi da mai dambun nama su ɗora kan sikeli, lambar ta fito a hoton. Mai hatsi da garin kunu ya tuna mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, gara ya faɗi nauyi a kilo. Mai atamfa ya rubuta ko turmi ne cikakke mai yadi shida ko kuwa an yanka, mai leshi ya ce yadi biyar ne ko ƙasa da haka. Mai hijabi da abaya ta shimfiɗa tef ɗin awo daga kafaɗa zuwa ƙasa.

Bidiyo ya fi hoto gamsarwa, da sharaɗin kada a yanka shi. Daƙiƙa ashirin zuwa talatin sun wadatar: hannunka ya warware kayan, ya juya bayansu, ya nuna bakin ɗinki da tambari, kana magana da muryarka. Kiɗan da ake ɗorawa a kai ba ya ƙara komai, muryar mai kaya ita ke sa a ji da mutum ake ciniki.

Sai kuma hoton aro. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da jarin ajiye kaya, sai an yi oda su aika wa mai sari a Kantin Kwari ko Legas. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ɗora hoton mai sari ka rubuta "akwai a ƙasa". Rubuta gaskiya: hoton mai sari ne, kayan suna Kano, suna ɗaukar kwana uku, in sun iso zan turo miki hoton nawa kafin ki cika kuɗi. Wanda ya yi haka zai rasa mai gaggawa, amma ba zai wayi gari ana kiransa ɗan damfara ba.

Ka riga mai saye faɗin aibi

A nan mutane suka fi jin nauyi, kuma a nan yarda ta fi saurin kafuwa. In jaka tana da ɗan karce, zagaye wurin ka nuna. In wayar da kake sayarwa an taɓa canja mata gilashi, ko batirinta ya fara sanyi, faɗi tun kafin a tambaya. In takalmin gwanjo ne, ka kira shi gwanjo. Hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne: Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Ɓoye aibi a bayan kyamara da ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan tari duk algus ne.

A harkar yadi abin ya fi tsanani. Shadda Getzner daga Ostiriya take, akwai kuma masu kama da ita da ake yi a Sin. Atamfar Holan akwai ta asali akwai kwaikwayo. Kwaikwayon yana da kasuwarsa, mutane da yawa shi suke nema saboda aljihu, muddin an kira shi da sunansa. Kuma kada ka manta a Kaduna kake, garin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) tun 1957, inda tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da iyalansu ke gane zare da taɓawa ɗaya. Ko mai saye ba ta gane ba, telanta zai gane.

Rantsuwa kuma a rage ta. "Wallahi na asali ne" sau uku a saƙo ɗaya yana sa mai hankali ya fara zargi. Hadisi ma ya nuna rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka.

Farashi a fili

Al'adar nan ta ɗora kaya ba kuɗi, sai a ce mai so ya biyo ta ciki, tana korar mutane fiye da yadda take jawo su. Mai saye yana fassara ta da cewa za a duba hotonsa da unguwarsa kafin a yanka masa kuɗi. Rubuta farashi a ƙarƙashin kowane kaya tare da kwanan wata, tunda kasuwa tana motsi. In ka bar ƙofar tayi, sa iyakar ragi ɗaya ga kowa. Kaduna ba ta da faɗin da kake zato: mata biyu za su haɗu a biki da mayafi iri ɗaya daga wurinka, ɗaya ta ji an rage wa ɗayar dubu uku, shi ke nan ka yi asarar ta farkon da ƙawayenta.

Kuɗin kai kaya a faɗe shi tun farko, unguwa-unguwa. Kai saƙo daga Kawo zuwa Malali ko Unguwar Rimi ba daidai yake da tsallaka gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha ba, balle cikin Rigasa. Jerin nan sau ɗaya za ka rubuta shi, ka ajiye a amsoshin gaggawa na WhatsApp Business.

Sunan shago da sunan asusu

Babu abin da ke tsinka zuciyar mai tura kuɗi kamar ya sa lambar asusu ya ga sunan da bai taɓa ji ba. In shagon da sunan kasuwanci yake, yi rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusu da wannan sunan, a banki ko a irin su Moniepoint da OPay. In ba ka kai nan ba tukuna, rubuta a bayanin shafinka cewa asusun da sunan wane yake. Lamba ɗaya tak, a manne a saman shafi, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya turo wata lambar da sunanka ba kai ba ne. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma lambobi shidan nan da ke shigowa ta saƙon waya kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyarku yake. Da su ake ƙwace layi a bi kwastomominka ana karɓar kuɗi da sunanka.

Nuna fuska yana taimakawa, amma ba dole ba ne. Matar da ba ta son fuskarta a intanet tana iya nuna hannuwanta tana haɗa yaji, ko kicin ɗinta, ko keken ɗinkinta, da muryarta. Sannan a samu wuri sananne da mai shakka zai zo ya karɓa da kansa ya biya a nan, ko da shagon wani ɗan'uwa ne a bakin titi. Masu abincin leda da man shafawa su nemi lambar NAFDAC. Wanda bai samu ba kada ya buga ta bogi a kwali, kada kuma ya ce kayansa na warkar da cuta.

Game da shaidar kwastomomi: hoton hirar yabo yana aiki, amma a nemi izini tukuna, a rufe suna da lambar waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma ko ba doka babu matar auren da za ta so lambarta a sitatus ɗin wani. Yabon da ka rubuta wa kanka da wayar ƙaninka ana gane shi, salon rubutun ɗaya ne. Sayen mabiya ma haka: shafi mai mabiya dubu ashirin da mutum shida ke taɓa hotonsa ya tona kansa. Shafin kuma ka bar shi na kasuwa. Masu sayen kayanka suna Tudun Wada suna kuma Narayi, rigimar siyasa da ta addini ba ta da wurin zama a gefen hoton cincin.

Alkawari da lissafi

Kada ka ce "gobe" don kawai a ji daɗi. Tela da ke gama kaya uku a rana, in saura kwana ashirin Sallah, sittin ne iyakarsa a takarda. Ya cire kwanakin ɗauke wuta, da ranar da keke zai lalace, da mai aikin da ba zai zo ba, sai ya karɓi arba'in da biyar ya sanar a sitatus cewa ya rufe karɓa. Masu kayan gara, alkaki da dubulan da nakiya, lissafinsu ke nan a lokacin bukukuwa. Kuɗin kafin alƙalami a rubuta nawa aka bayar, nawa ya rage, da ranar karɓa, a saƙo ɗaya, ba a murya ba, domin saƙon murya wuyar nema gare shi ranar gardama.

In kaya za su bar gari ta tashar Kawo ko ta Mando, ɗauki bidiyonsu kafin ka ɗaure, da hoton ƙunshin da suna a jiki, sannan ka tura lambar direba da ta mota da lokacin tashi. Ku daddale wa zai biya direba. Kai ma ka kare kanka: hoton rasit da saƙon alat ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga sun zauna.

Ranar da aka yi kuskure

Za a yi. Launi zai saɓa, kwalba za ta fashe a mota, ɗinki zai matse. Tun kafin ranar, rubuta ƙa'idarka a shafi: misali a sanar cikin kwana biyu da hoto, in laifin daga gare ka ne kai za ka biya kuɗin dawowa, sai a canja ko a mayar da kuɗi, kuma abinci da turaren da aka buɗe ba sa dawowa. In ƙorafi ya fito a bainar jama'a, kada ka goge, kada ka toshe mai shi, kada kuma ka turo abokai su far masa. Masu kallo sun fi mai ƙorafin yawa, kuma amsarka suke jira. Amsa a wurin a taƙaice: "Hajiya, ki yi haƙuri, mun ga hoton, kuskuren daga gare mu ne. Za a kawo miki wani ranar Laraba, a karɓi wannan." Sauran magana ku ƙarasa ta ciki. In kuma ba laifinka ba ne, ɗora bidiyon da ka ɗauka kafin ɗaurewa, ba zagi ba habaici.

Kwana biyu ko uku bayan kaya sun isa, tura saƙo guda: "Anti, kaya sun iso lafiya? Akwai abin da bai yi ba?" Kada ka haɗa shi da tallan sabon kaya. Duk abin da aka faɗa maka rubuta shi a littafi da kwanan wata da sunan kayan. In ka ga ƙorafi iri ɗaya ya maimaitu sau uku a kan kaya ɗaya, cire hotonsu daga shafi, ka koma wurin mai sarin da littafin a hannu.