Yadda za ka auna dalilin manaja idan aka ce za a rage ma'aikata a kamfani

Duk wanda ya taɓa aiki a masana'anta, ko a Sharaɗa ne ko Challawa ko Bompai a Kano, ya san irin safiyar nan da za ka zo ka tarar an manna takarda a bakin get, mutane sun yi cirko-cirko kowa yana laluben sunansa. Na yi shekaru a wani kamfanin roba muna buga bokiti da buta da kujeru, kuma irin takardar nan na gan ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abun da na lura shi ne nan take muke rabuwa gida biyu, wasu su ce zalunci ne kawai, wasu su ce haka Allah ya ƙaddara su kama hanyar gida. Ƙaddara gaskiya ce, amma hakan bai hana ka zauna ka auna maganar da aka faɗa maka ba, don ka san ko lalura ce ta kama kamfanin ko kuwa an fake da guzuma ne a harbi karsana.

Fara da neman dalilin shi kansa, kuma a rubuce. "Halin da ƙasa take ciki" ba dalili ba ne, kowa ma a cikin halin yake. Ku tura wakili ya tambayi abu uku: wane sashe za a taɓa, mutum nawa, kuma me ya jawo. Wannan ba roƙo ba ne, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da kuma yawansa. In yau an ce babu ciniki, gobe an ce tsadar wuta, jibi kuma wai an canza tsari, toh ka fara sa alamar tambaya tun daga nan.

Daga nan sai ka ɗauki dalilin ka shiga da shi cikin fili, don nan ne gaskiya take. Idan an ce ba ciniki, leƙa sito. Kaya sun taru har sama suna ƙura, ko kuwa ana bugawa ana kwashewa? Motoci nawa suke lodi a rana yanzu, nawa suke yi watanni shida baya? Injina nawa ake tayarwa, shif uku ake har yanzu ko an koma biyu? Mai kula da sito da direbobi da masu lodi sun fi kowa sanin wannan, kai har mai shayin bakin get wallahi zai iya lissafa maka tirelolin da suka fita a sati. Kamfanin da ba ya ciniki ba ya ɓuya, za ka ji shirun da kunnenka.

Idan kuma an ce tsadar aiki ce, a nan dole mu yi adalci, tsadar gaskiya ce. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, ɗanyen kayan da ake shigowa da su da dala suka yi tashin gwauron zabi, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta awoyi da yawa a rana, naira 225 kowane yunit. Amma ka ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. A ce za a sallami lebura goma masu karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wato naira 700,000 kenan a wata, in ka ɗora kashi 10 na fanshon da kamfani yake zubawa ya zama 770,000. Toh ɓangaren da yake jan kilowat 100 dare da rana, a wancan farashin, yana shan wutar naira 540,000 a kwana ɗaya tak. Ka ga kenan albashin mutum goma na wata guda bai kai kuɗin wutar kwana biyu ba. Sai ka tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe, in wuta ce matsalar ta yaya korar mutum goma za ta magance ta? Manajan da ya yi nazari yana da amsa, zai ce maka ai ɓangaren gaba ɗaya za mu kashe don ba ya mayar da kuɗinsa. Wanda bai yi ba sai ya hau faɗa.

Sai kuma sunayen, kuma ni a wajena nan ne ake kama yawancin rashin gaskiya. Dokar nan ta ce wanda ya zo a ƙarshe shi ake fara sallama a cikin masu aiki iri ɗaya, amma ta ba da damar a duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Saboda haka rubuta sunayen duka, kowa da shekarar da ya shigo da injin da yake riƙe. In ka ga tsofaffin hannu ne zalla waɗanda albashinsu ya ɗan taka, ko masu buɗe baki a taron yuniyan, ko wanda ya taɓa yin ƙorafi a kan injin da ya cinye masa yatsa, alhali yaron da aka kawo bara da takardar wani babba yana nan daram, toh ba maganar ciniki ake ba. Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, da jin ƙarar injin kawai yake gane inda ya samu matsala, aka sa sunansa wai don a rage kashe kuɗi, ba a rufa wata biyu ba aka koma ɗauko makaniki daga waje ana biyansa duk zuwa. Har yau abun yana min ciwo.

Bayan haka ka yi haƙuri ka zuba ido sati uku zuwa wata ɗaya. Wa yake tsaye a kan injin wanda aka sallama? In injin a kashe yake an lulluɓe shi da tamfol, maganar manaja ta tabbata. In kuwa yana ta aiki, sai dai yanzu 'yan kashuwal ne da ɗan kwangila ya kawo ana biyansu kullum-kullum babu fansho babu hutu, ko kuma waɗanda suka rage ne ake tsare su awa goma sha biyu, toh aikin yana nan bai ragu ba, mai arha aka nema. Haka in an ce sabon inji ne ya maye gurbin mutane, je ka gan shi da idonka, ka kuma tambaya ko an gwada koya wa tsofaffin yadda ake sarrafa shi.

Ka kuma duba me aka gwada kafin a kai ga sallama, an rage obatayim, an yi karɓa-karɓa, an taɓa 'yan ofis da motocin manya, ko a kan lebura kaɗai wuƙar ta faɗa. Wannan ma'aunin dai shi za ka yi amfani da shi in ɗaukar sababbi aka yi ko aka canza wa mutum sashe.

Wani lokacin fa za ka gama duk wannan ka tarar manaja ne mai gaskiya, kuma in haka ne ka faɗa wa 'yan'uwanka ko da ba za su ji daɗi ba. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu suke tashe, ya kuma ga yadda masaƙar KTL ta rufe a 2002, ya san kamfani yana iya mutuwa ɗungurungum. A irin wannan halin ƙarfinku sai ya koma kan haƙƙi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadagon ya ce notis na kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya har zuwa shekara biyu, sati biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga mai shekara biyar zuwa sama, sannan sashe na 20 ya ce kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a sasanta kuɗin sallama. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, ɗauki hotonta da waya tare da takardar kama aikinka da ta albashi. In an ƙi sauraronku ku fara da yuniyan, daga nan ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharku, in ta ƙi ci sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai reshenta a Kano.