Yadda za ka duba ko kotun kaunti a Amurka ta ba da sammacin kama ka, da yadda ake janye shi

Jama'a wannan maganar ta mutanenmu ce masu kai-kawo tsakanin Abuja da Amurka, ɗalibai, masu zuwa asibiti, waɗanda suka yi tuƙin Uber a Hustan ko Shikago suka dawo gida, da iyayen da yaransu ke can. Ɗan sanda zai tare mutum kan gudu ko tuƙi ba inshora, ya ba shi 'yar takarda mai ranar zuwa kotu, sai ya cusa ta a aljihun mota ya manta, ko ranar ta zo yana gida hutun sallah. To da zarar an kira suna a kotu ba a amsa ba, alƙali na iya sa hannu a sammacin kamu nan take, shi ne benci waran ɗin da lauyoyi ke faɗa, kuma wallahi ba ya mutuwa da kansa, ko shekara 10 aka yi yana nan sai alƙali ya janye shi.

Fara da gano kauntin da abin ya faru, wato yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha, kamar ƙaramar hukuma a wurinmu. Amurka na da kaunti sama da 3,000, kusan kowacce da kotunta da sherif ɗinta (shugaban jami'an tsaron kauntin) da shafinta na intanet, babu wani shafi ɗaya na jama'a da za ka sa suna ya nuna maka ƙasar duka. Shafin PACER da wasu ke turo wa mutane na kotunan tarayya ne, ba zai nuna maka tikitin kaunti ba. In takardar na hannunka duba ta da kyau, akwai sunan kotu da lambar ƙara da rana. Kuma dan Allah a kula da yadda suke rubuta rana, su wata suke fara sawa. In ka ga 04/09 to 9 ga Afrilu ne, ba 4 ga Satumba ba. Yaro zai zauna hankali kwance yana jiran Satumba alhali an kira shi tun wata biyar baya, abin na ba ni takaici sosai don ba ƙin zuwa ya yi ba.

In takardar ta ɓata tuna garin da aka tare ka. Hustan na cikin kauntin Harris, Shikago na Cook. Sai ka shiga shafin akawun kotun kauntin ko na sherif, ka nemi wurin binciken ƙara. Wasu jihohin sun sauƙaƙa, kamar Merilan da ke da Maryland Judiciary Case Search na jihar gaba ɗaya kuma kyauta. Amma a Teksas tikitin da ɗan sandan birni ya bayar yawanci kotun birnin yake tafiya ba ta kaunti ba, don haka ka duba duka biyun. Wasu shafukan ba sa buɗewa daga Najeriya, ka sa ɗan uwa da ke can ya buɗe maka. Kar ka biya waɗannan shafukan masu cewa kawo dala kaza mu bincika maka, bayanan hukuma suke kwasa kuma sau da yawa tsofaffi ne.

Wajen sa suna ma sai da haƙuri. Gwada yadda yake a fasfo da yadda yake a lasisin tuƙi, Muhammad, Mohammed, Mohamed, ka juya sunanka da na mahaifi don sukan musanya su. In suna ya fito kar gabanka ya faɗi tukuna, duba ranar haihuwa, masu suna irin namu suna da yawa. In bai fito ba kuma kar ka ce shikenan an tsira, ba kowane sammaci ake sawa a intanet ba. Kira ofishin akawun kotu. Ƙarfe 9 na safe a Niyok ƙarfe 2 ne na rana a Abuja lokacin zafinsu, ƙarfe 3 lokacin sanyi, Teksas kuma ka ƙara awa ɗaya. Ka tambayi lambar ƙara, laifin da aka rubuta, ko sammacin na aiki har yanzu, nawa aka yanka na beli, da ko lauya zai iya tsaya maka ba sai ka zo ba. Ka rubuta komai a takarda. Akawu ba zai ba ka shawarar shari'a ba, kai ma kar ka fara ba shi labarin yadda abin ya faru. Wanda ke can kuma kar ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin 'yan sanda wai zai tambaya, ana iya riƙe shi a wurin.

To an tabbatar akwai, sai me? Lauya, kuma mai lasisin wannan jihar, barista ɗinka na Wuse komai ƙwarewarsa ba zai iya tsayawa a kotun Harris ba. Kowace jiha na da inda ake duba sunan lauya a intanet a ga ko lasisinsa na aiki, duba kafin ka tura ko sisi. Shi zai shigar da roƙo a janye sammacin a sa sabuwar rana, kai kuma ka tara hujjar abin da ya hana ka zuwa, hoton shafin fasfo mai tambarin shigowa ta filin jirgin Nnamdi Azikiwe, tikitin jirgi, takardar asibiti, ko shaidar an hana ka biza. A ƙananan laifuka wurare da yawa na barin lauya ya tsaya a madadinka, Kalifoniya ma a dokarta yake a sashe na 977, wasu alƙalan kuma na yarda da Zoom. Babban laifi kam yawanci sai ka bayyana da kanka. Kuma Alhaji, Hajiya, maganar a nemo wani babba ya je ya ga wani ba ta aiki a nan, miƙa wa ma'aikacin kotu wani abu sabon laifi ne da ya fi na farkon muni.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne biyan tara. Mutum zai ga dala 300 a shafi ya ce bari in biya in huta, bai san a kotuna da yawa biyan nan amsa laifi ba ne. In gudu ne kawai da sauƙi. Amma in ɗaukar kaya ne a kanti, ko ƙwaya, ko faɗa da iyali, amsa laifin na iya cin bizarka ko girin kad ɗinka, har a kai ga kora daga ƙasar. Tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Padilla ta ce dole lauya ya faɗa wa wanda ba ɗan ƙasa ba haɗarin korar da ke cikin amsa laifi, don haka tun farko ka gaya wa lauyanka irin takardar zamanka. Ku kuma yara ku daina ɓoye wa iyaye don kunya, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wanda ya zama dole ya miƙa kansa ya je da safe farkon mako tare da lauya da kuɗin beli a shirye, in ka je Juma'a da yamma kana iya kwana har Litinin. A jihohin da ke da su, kamfanonin beli na karɓar kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin kuma ba sa mayarwa. Marar hali, in laifin na iya kai shi gidan yari, ya roƙi kotu ta ba shi lauyan da gwamnati ke biya don ya kare shi. Duk wanda kuma ya kira ka a waya ko WhatsApp wai sherif ne, ka biya yanzu da gift kad ko kirifto, ɗan damfara ne, kashe wayar ka kira lambar da ke shafin kotu.

Kar ka hau jirgi kafin a gama. Jami'an shige da fice na can suna duba NCIC, rumbun bayanan laifuka na FBI, in kauntin ta sa sunanka a ciki tun a filin jirgi za a tare ka. Bayan alƙali ya janye, ka sa lauya ya karɓo maka kwafin umarnin mai hatimin kotu da takardar yadda ƙarar ta ƙare, ya kuma tabbatar an cire sunan daga kwamfutar sherif don yakan ɗauki kwanaki. A fom ɗin neman biza na DS-160 akwai tambayar ko an taɓa kama ka ko yanke maka hukunci, ka faɗi gaskiya, ƙarya a wurin na iya jawo hana biza na har abada. Takardun nan ka tafi da su intabiyu a ofishin jakadanci, ranar tafiya kuma su zauna a jakar hannu ba cikin akwatin da za a auna ba.