Kafin ku shiga titin sayayya na 'yan ƙafa

Jama'a, in za ku irin titin nan na tsakiyar birni da aka hana motoci shiga, ku sa takalmi mai daɗin tafiya, don yawon ƙafa ne zalla. Ku fara zagayawa ku ga farashi tukuna, kaya mai nauyi kuma a bar shi sai ƙarshe, tunda wurin ajiye mota yakan yi nisa.

Batun abinci kuwa, gidajen da suka jera kujeru a bakin titi sukan fi tsada, kuɗin hayarsu suke fanshewa a kanku. Ku leƙa lungunan baya. A nemi takardar farashi kafin a zauna, ni dai na taɓa shan kunya wurin biya. In cunkoso ya yi yawa, a rataya jaka ta gaba saboda 'yan sane.