Babi na Shida: Gano Matsalar Birkin Tsohuwar Jif da Gyara Ta

Jif mota ce mai nauyi. Toyota Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, ta haura tan 2 tun kafin a ɗora mata kaya, kuma tsayar da irin wannan nauyi yana cin birki ƙwarai. Ya kamata mai mota ya san inda matsala take kafin ya je wurin makanike, domin sau da yawa akan sayi kayan gyara masu tsada alhali abin da ya lalace ƙarami ne.

Bincike yana farawa ne daga ƙafar direba. Idan ka taka birki ka ji ya yi laushi kamar soso, sai ka yi ta bugawa kafin ya kama, to galibi iska ce ta shiga cikin bututun man birki. Idan kuwa ka taka ka riƙe, sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, ka duba bayan kowace taya da tiyo da bututu ko akwai yoyo. Idan ko'ina a bushe yake kuma mai bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Birkin da ya yi tauri kuma yana nuna matsalar sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Gwajinta ba ya buƙatar kayan aiki: ka kashe inji, ka taka birki sau biyar, ka riƙe, sannan ka tayar da mota. Idan sabo lafiya yake, birkin zai ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka.

Ƙarar ƙarfe yana gogar ƙarfe alama ce cewa fatar birki ta ƙare, kuma bai kamata a bari kaurinta ya gaza milimita 3 ba. Ana canza na dama da na hagu tare. Motar da ke ja gefe ɗaya idan an taka birki kuma, mai yiwuwa kalifa ce, wato ƙarfen da ke matse fatar birki, ta maƙale saboda tsatsa.

Man birki shi ne abin da aka fi yi wa sakaci, kuma a tsohuwar mota shi ne tushen yawancin wahala. Wannan mai yana tsotsar danshi daga iska, kuma yawan ruwan da ya shiga cikinsa yana sa ya tafasa da wuri. Sabon mai irin wanda ake kira DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140, zafin da birki yake kaiwa cikin sauƙi idan mota mai kaya tana gangarowa daga tudu. Da zarar ya tafasa sai ya zama tururi, birki kuma ya tafi ƙasa babu kamu. Saboda haka a canza shi duk shekara 2, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin kwalbar man da ke kan masta, DOT 3 ko DOT 4, kada a gauraya da DOT 5. Masu zuba man inji ko ruwan sabulu don neman sauƙi suna kashe robobi da bututu ne, kuma kuɗin gyaran ya ninka na kwalbar mai sau da yawa.

Fitar da iska aiki ne na mutum biyu. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyi waigi, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama a motar da sitiyarinta yake hagu, sannan ta baya ta hagu, sai ta gaba ta dama, a ƙare da ta gaba ta hagu. Mutum ɗaya ya buga birki sau uku ya riƙe, ɗayan ya sassauta ƙusar fitar da iska da sifana, ya ɗaure ta kafin abokin aikinsa ya ɗaga ƙafa. A maimaita har mai ya fito babu kumfa, ana lura kada kwalbar ta ƙafe, domin idan ta ƙafe an koma farko. Wannan samfurin Land Cruiser yana da wani bawul kusa da gindin baya mai daidaita ƙarfin birki da nauyin kaya, shi ma yana da tasa ƙusar, kuma mantawa da ita kan bar birki da laushi bayan an gama komai.

Man da ya zube a jikin mota a wanke shi da ruwa nan take, domin yana cin fenti. Kafin a hau babbar hanya, a gwada birkin a fili da ƙaramin gudu, sannan a sake leƙa bayan tayoyi huɗu ko akwai danshi.