Yadda na gyara maɗin mapul da ya yi ƙanƙara a kwalba

A jihar Kebek ta Kanada, ruwan bishiyar mapul yana zuba ne a watan Maris da Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa, rana kuma ta ɗan sake. Bishiyoyi kaɗan nake fasawa a bayan gida, kuma sai an dafa kusan lita 40 ta ruwan bishiyar kafin a samu lita ɗaya ta maɗi, shi ya sa raina ya ɓaci da na ga gindin kwalabena ya cika da ƙanƙarar sukari.

Dalilin shi ne maɗin ya wuce ƙa'ida wajen kauri. Ana son sukarinsa ya tsaya a kashi 66 zuwa 67 cikin ɗari: idan ya gaza sai ya yi fumfuna, idan ya zarce sosai sai ya daskare. Wannan kaurin yana samuwa ne idan zafinsa ya ɗara na tafasar ruwa da digiri 4, amma ruwa ba kullum yake tafasa a digiri 100 ba, domin tudun wuri da nauyin iskar ranar suna sauya shi.

Sai na juye kwalaben a tukunya, na ƙara ruwa kaɗan, na ɗumama har ƙanƙarar ta narke. Na tafasa ruwa zalla na auna zafinsa a ranar, na ƙara 4 a kai, na dafa maɗin har ya kai wannan zafin, na sauke shi daidai nan. Na tace shi da ƙyallen ulu, sannan na ɗura shi a kwalabe masu tsabta yana kan digiri 85, na rufe nan take.