Kurakuran da ke bar wa masu kutse ƙofar kwamfuta a buɗe

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa sai gwani ke iya kutse, kuma gwani ba zai ɓata lokacinsa a kan ƙaramin mutum ba. Ai kayan aikin a fili suke. Manhajar Nmap na lalubo ƙofofin da ke buɗe, wato hanyoyin da kwamfuta ke karɓar sadarwa daga waje, manhajar Metasploit na ɗauke da dabarun shiga da aka riga aka haɗa, kuma kowa na iya sauke su kyauta, don masu tsaro ma da su suke gwaji. Mai kutse bai damu da sunanka ba. Adireshin intanet yake bi dubu-dubu, inda ya tarar da kafa ya faɗa.

Sai ɗage sabunta manhaja, kullum ana latsa "sai an jima". A ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata kafa a tsarin SMB, wanda kwamfutocin Windows ke musayar fayil da shi. Bayan wata guda, ƙungiyar masu kutse ta Shadow Brokers ta watsa EternalBlue, makamin kutsen da aka sato daga NSA, hukumar leƙen asiri ta Amurka, mai bi ta wannan kafar. Ranar 12 ga Mayu WannaCry, muguwar manhaja mai amfani da wannan makamin, ta ɓarke, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kusan wata biyu maganin yana nan, ba a sha ba. Ba sai wani ya buɗe saƙo ba ma, kwamfuta ce ke harbin 'yar'uwarta. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, a kuma kashe na'ura a sake kunnawa idan ta nema, domin gyara da yawa ba ya kamawa sai an yi haka.

Wanda ke kan Windows 7 kuwa, tun Janairun 2020 aka daina yi masa gyara. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Ko dai a ƙaura, ko a raba tsohuwar na'urar da intanet.

Akwai kuma barin ƙofofin da ba a amfani da su. Ƙofa mai lamba 445, ta SMB, da mai lamba 3389, ta sarrafa kwamfuta daga nesa, bai kamata su fuskanci intanet ba. A rufe su da katangar tsaro (firewall, mai tace abin da ke shiga kwamfuta), mai aiki daga nesa ya bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa mai tsaro. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana da amfaninta, amma ba ta toshe kafa.

Kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita fa? Da irin su "admin" muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da na'urorin raba intanet a 2016, daga baya aka saki lambobin da aka rubuta manhajar da su kowa ya kwafa. A canza kalmar sirrin ranar da aka jona na'urar.